Ragar Kwamfuta da Farantin Tagulla Guda Ɗaya

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tebur. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, babu gizo a ciki, babu ƙoƙi, amma ni da muryar tatsuniya kaɗai na iya ba da labari, sai ku yi haƙuri da ita. Ni nake faɗi, 'yata Halima take rubutawa, domin ban taɓa zama a aji ba.

Na ji abin da kuke faɗa a bakin ƙofa, ku da kuka zo koyon aiki a wannan ataliye, wato wurin ƙere-ƙerenmu. Kun ce ragar kwamfuta ai maɓalli ɗaya ce: mutum ya zana eriya a kwamfuta, ya danna, na'ura ta saƙa ragarta, ta yi lissafinta, shi kuma ya je ya sha shayi. Ba ku yi ƙarya ba, maɓalli ɗaya ne. Sai dai na'ura tana saƙa duk abin da aka ba ta, mai kyau da maras kyau, da fuska ɗaya, kuma tun da nake da ita ban taɓa jin ta ce ba ta tabbata ba.

Sunana Rakiya. A unguwa Hajje ake ce mini, ko da yake tun zamanin kakana muke kan hanyar Makka, har yau ba mu isa ba. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya iso bakin kogin Shari, ya ce zai huta damina ɗaya. A nan aka binne shi. Ubana ya tashi cikin masunta, ya zama mai saƙar raga da gyaranta, ni kuma a gefen gwiwarsa na koya. Yana da wani ɗan itace da hannu ya goge har ya yi santsi, a kansa ake ɗaure kowane ido na raga, don idanun su fito daidai da juna. In ido ɗaya ya fi ɗan'uwansa, sai ya kwance layin duka, ya miƙo mini zaren.

Da mijina ya rasu, kifi kuma ya ja baya, sai na koma saƙar waya. Lokacin manyan parabol ake yayi, faifan nan na kama tashoshin talabijin, masu faɗi kamar rumfa, jikinsu duk ragar ƙarfe. Iska ta yaga, akuya ta hau, tsatsa ta ci, a kawo mini in ɗinke. A nan na fara mamaki. Ruwan sama yana ratsa ragar nan, iska tana ratsa ta, haske yana ratsa ta, amma wani abu da ba a gani yana zuwa daga sama ya kasa wucewa, ya taru a tsakiya ya zama hoton mutum yana magana. In na bar ido ya yi faɗi, hoton ya yi tsaki-tsaki. Na ce a raina, ashe wannan abin ma yana da girma, kamar kifi. Na tambayi masu haɗa faifan girmansa nawa ne, suka yi dariya. Daga baya ƙananan faifai marasa huji suka shigo, aikina ya mutu, tambayata tana nan.

Wadda ta amsa mini ita ce Ashta, 'yar ƙanena, wadda kuke ce wa Injiniya kuna sunkuyar da kai. Da ta dawo daga karatu ta buɗe wannan wuri a unguwar Butalbagar, ɗaki biyu da rumfa, tana ƙera eriya ga masu rediyon unguwa da masu son jan intanet daga nesa. Abincin rana nake kai mata. Wata rana na ajiye kwano, na leƙa ta bayan kafaɗarta, sai ga raga a fuskar kwamfuta, ta lulluɓe wani abu kamar tsani.

Na ce, "Ashta, wa ya saƙa wannan?"

Ta ce, "Na'ura ce, Gwaggo."

"To ba ta iya ba. Dubi nan, idanu kamar ƙwayar gero. Dubi can, akuya ma sai ta wuce."

Ta yi dariya har ta ture kujera baya, sannan ta jawo mini benci. Ta ce kwamfuta ba ta iya tunanin abu dunƙule. Sai ta yayyanka shi ƙanana-ƙanana, ƙarfen da iskar da ke kewaye da shi, kowane yanki mai kusurwa uku a kowace fuska, cike da ciki da waje, ba a shimfiɗe kamar ragar kifi ba. Igiyar rediyo, abin nan da na daɗe ina tambaya, in ta shigo, kowane ido yana lissafa nasa rabo ya miƙa wa maƙwabcinsa, kamar yadda labari yake bin unguwa gida-gida. In idanu sun yi faɗi, igiyar ta sulale ba a ƙirga ta ba. In sun yi ƙanana ko'ina, na'ura ta shaƙe, ta yi zafi, ta tsaya. In kuma akwai ido ɗaya maras kyau, siriri kamar allura ko wanda aka murƙushe, shi ne maƙwabcin da ke ƙara wa labari gishiri, kuma daga gidansa ƙarya take yaɗuwa.

Na ce, "To wa ke neman irin waɗannan gidaje?"

Ta ce, "Ni, in na samu lokaci. Ba na samu."

Washegari na kawo abinci, na kawo tabarau.

Abu na farko da na koya shi ne riƙe suri, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur. Hannun da ya saba jan zare da ƙarfi, sai da aka koya masa tafiya a hankali. Ina turawa eriyar ta kife, ina ja ta gudu ta bar ni da farin allo. Rubutun da ke gefe ban iya karanta shi ba har yau, amma na san wurin zaman kowane maɓalli kamar yadda na san wurin gishiri a madafata. Lambobi kuwa na san su tun a kasuwa. Launi shi ne babban malamina: kore lafiya, ruwan ɗorawa a duba, ja a tsaya.

Abu na biyu ya fi wuya, domin sai da na ajiye ɗan itacen ubana. Aikin farko da Ashta ta bar mini, wata eriyar rediyon unguwa ce. Na zauna na daidaita idanun duka, manya na rage su, ƙanana na buɗe su, raga ta fito sumul, da ubana ya gani da ya gyaɗa kai. Ashta ta duba ta ce, "Gwaggo, kyakkyawa ce, amma ba za ta kama komai ba." Ta nuna mini inda waya ke shiga jikin eriya, da bakin ƙarfe, da lungu. Ta ce a nan igiya take murɗawa tana sauri, nan ake son idanu ƙanana. Can nesa cikin iska tafiya take a miƙe, manyan idanu sun isa. Amma kada babba ya zauna kusa da ƙarami kai tsaye, sai dai su riƙa girma sannu-sannu, kamar yara an jera su daga na goye zuwa saurayi. Na daɗe ina juya wannan magana. Ragar kifi tana neman adalci, kowa daidai da kowa. Ragar igiya kuwa tana bin inda ake hayaniya.

Abu na uku shi ne kada a yarda da amsa ɗaya. Na'ura in ta gama lissafi tana zana layi, layin ya tafi ya faɗa ƙasa ya yi kwari, ya sake hawa. Kwarin nan shi ne inda eriya take ji da kyau, kuma dole ya faɗa kan alamar da mai aiki yake so. To sai a ƙara matse ragar kaɗan a sake tambaya. In kwari ya tsaya inda yake, an sami gaskiya. In ya matsa, na'ura ba ta san abin da take faɗa ba tukuna. Mai shaida ne, ana tambayarsa sau biyu.

Masu kawo aiki kuwa iri-iri ne. Akwai wani alhaji mai shagunan waya da ya kawo zanen eriya, an yi masa shi a wani wuri, da kusoshi da komai, har da sunansa an tona a jikin murfin roba da manyan baƙaƙe. Na'ura ta kama saƙa tun hantsi, la'asar ta yi ba ta gama ba. Na leƙa, sai na ga rabin idanun duniya sun taru a kan sunan alhaji, suna bin kowane lanƙwasa na kowane harafi. Igiya ba ruwanta da sunan kowa. Muka goge shi daga zanen lissafi, aiki ya gudana. Da ya zo ya duba allo, sai fuskarsa ta canza.

"Ina sunana?"

Ashta ta ce, "Alhaji, a kan ta gasken zai fito. Nan lissafi ne kawai."

"Lissafin da babu sunana a ciki, na wa ne?"

Sai da muka buɗe masa tsohon zanen ya ga sunansa ya yi baƙi ƙirin da idanu kamar kiyashi sun sami sukari. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe nauyi gare shi haka." Ya tafi yana jin daɗi.

Yanzu ga shekarar da nake so ku riƙe. Shekarar da annoba ta sa aka rufe gadar Ngeli. Ku kuna yara, abin da kuka sani shi ne ba a zuwa makaranta. Mu kuwa kayan aikinmu ta gadar nan suke shigowa daga Kuseri, garin da ke hayin kogi, a kan babur, a kan kai. Mai yi mana zane a kwamfuta ma a can hayin yake kwana, rufewar ta same shi a gida. Muka rage mu uku: ni, da Ashta, da Usta Garba mai walda.

Usta Garba mutumin Kano ne, bai daɗe da zuwa ba a lokacin. Hannunsa a kan ƙarfe kamar na mai ɗinkin hula. Bakinsa kuwa ba ya hutawa. Kullum sai ya ce, "Hajiya, Hausarki ta sha ruwan Shari ta yi laɓo-laɓo, rabi Larabci." Ni kuma in ce, "Usta, taka da take tsaye ƙyam, je ka saya mana albasa da ita a kasuwa mu gani."

A cikin wannan hali wata ungozoma ta zo, Madam Zara, daga wani ƙaramin ɗakin haihuwa a wani ƙauye bayan Gawi. An ba su na'urar ɗaukar hoton ciki, ta iya ɗauka, amma fassarar mai wuya sai likita, likita kuma yana cikin gari, waya ba ta kamawa a can. In damina ta sauka, hanyarsu takan zama tafki. Tana so kafin ruwa ta san matan da ya kamata a kawo gari tun ƙasa tana bushe. Ashta ta ce abin da zai ɗauki hoto daga can zuwa nan sai eriya irin wadda muke ce wa ƙaho, mai faranti huɗu, baki buɗe, gindi a tsuke, a kafa ta tana kallon dogon ƙarfen sadarwa da ke gefen gari. Da tagulla ake yi.

Tagullar da ta rage a ataliye faranti ɗaya ce. Guda ɗaya, jingine a bayan ƙofa, ta isa ƙaho ɗaya cif, ba ragi. Usta ya zaga kasuwa ya dawo hannu rabbana. Ashta ta dafa farantin ta ce, "Wannan sau ɗaya za a yanka shi. In awo ya kuskure, Madam Zara sai bayan damina." Daga ranar ba wanda ya ƙara jingina tsintsiya a jikinsa.

Tunda mai zane ba ya nan, Ashta kuma tana fama da na'urorin da za a haɗa a can, Usta ne ya zauna ya zana ƙahon a kwamfuta. Ya daɗe yana leƙen yadda ake yi, kuma ba wanda ya fi shi sanin yadda faranti ke haɗuwa da faranti. Zane ya fito tsaf. Na danna maɓallinku ɗin nan guda ɗaya.

Bazara ce. Wutar gari ta zo ta tafi yadda ta ga dama, muna dogara da faifan da ke ba da wuta daga hasken rana. Mun rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, mun ajiye randar ƙasa irin ta Gawi kusa da kwamfuta don ta ɗan sha sanyi. Duk da haka na'ura ta yi ta nishi, lissafin da ya kamata ya ƙare kafin shayi ya huce sai ya kai azahar. Kwari ya fito hagu da alama. Na matse raga na sake tambaya, ya tsallake zuwa dama. Na sake, ya rabu biyu. Mai shaida yana canza magana duk lokacin da aka kira shi.

Muka bi abubuwan da aka saba. Akwatin iskar da ke kewaye da eriya, ko ya matse ta? Muka faɗaɗa. Inda waya ke shiga, ko idanu sun yi faɗi? Muka rage. Ko an manta an ce wa na'ura tagulla roba ce? Ashta ta duba, tagulla ce. Jajayen idanu kuwa suna nan a jere a kusurwoyi huɗu inda faranti ya sadu da faranti. Na gan su tun ranar farko. Amma an koya mini cewa bakin ƙarfe yana tara ƙananan idanu, sai na ɗauka taron da aka saba ne. Ina gyara su a sama, suna tsirowa a ƙasa.

Duk ranar kasuwa sai Madam Zara ta zo a bayan babur, ta tsaya a bakin ƙofa da takunkumi a fuska, ta ce, "Kalas?" Wato da Larabcinmu, an gama?

Ashta ta ce, "Lissa, Madam. Da saura."

Zuwanta na ƙarshe ba ta tambaya ba. Ta nuna gabas da haɓa. Hadari ya fara tsayawa a can da yamma. Usta ya ce, "Injiniya, ki ɗauki amsar hagu da ta dama ki raba tsakiya, in yanka. Allah na nan." Ashta ta ce, "Allah na nan, Usta, amma tagulla ɗaya ce."

Akwai wata hanya da Ashta ta taɓa nuna mini, ban cika amfani da ita ba. Ana iya ce wa na'ura ta ɓoye ƙarfe, ta bar iska kaɗai, kamar a fasa tukunya ruwan ya tsaya da siffarta. Da safe, kafin zafi ya taso, na ce bari in ga wannan iskar da take ta ba mu wahala, yaya fuskarta take. Na tuɓe farantan ɗaya bayan ɗaya. Iskar ciki ta tsaya da siffar ƙaho, daidai. Na juya ta a hankali. Sai na ga wani abu a kusurwa, siriri kamar ɓawon albasa, ya fito daga iskar ciki ya miƙe ya taɓa iskar waje. Na juya, ga wani. Huɗu ne, tun daga baki har gindi, kuma duk jajayen idanun nan a cikinsu suke zaune.

Ban san ma'anarsa ba. Na kira ta.

"Ashta, zo ki gani. Iska tana da fuka-fuki ne?"

Ta zo da kofi a hannu. Ta karɓi suri, ta mayar da farantan, ta kusanto da kusurwar, ta kusanto, ta kusanto, har layin da muke gani ɗaya ya buɗe ya zama biyu. Tsakanin faranti da faranti akwai rata, kaurin tsinken tsintsiya. Daga nesa a haɗe suke. A wurin na'ura kuwa ƙahon nan tsagagge ne ta gefe huɗu, igiya tana zuba ta tsagar, raga kuma tana ta cusa idanu masu kama da allura a wurin da ba ya ɗaukar ido.

Ta ajiye kofi ta ɗaga murya. "Usta!"

Ya shigo yana goge hannu da tsumma. Ta nuna masa. "Mene ne wannan?"

Ya duba, ya dube ta, kamar an tambaye shi me ya sa riga take da wuya. "Wurin walda ne mana."

"Wurin me?"

"Injiniya, in na manne faranti da faranti ƙam, a ina waldar za ta zauna? A sama za ta kwanta kamar majina, rana ɗaya iska ta ɓalle ta. Sai an bar mata ɗan wuri ta shiga ta kama. Tun ina yaro a Ƙofar Ruwa, in ban bar shi ba sai na sha ranƙwashi."

"Usta, a cikin kwamfuta babu walda!"

"To wannan kuma laifin kwamfuta ne. Ni abin da zan ƙera na zana."

Na ce, "Ka bar wa baƙo wurin zama, baƙon bai zo ba, iska ta zauna."

Ya ce, "Hajiya, ke da kike kallonsa kullum kina shafa masa kore fa?"

Na ce, "Ni ma na gan shi, na gaishe shi, ban tambaye shi daga ina yake ba."

Ashta ta cike ratar huɗu da ƙarfe a cikin zanen, kamar yadda walda za ta cike ta a gaske. Na sake dannawa. Ragar da ta fito ba ta kai rabin ta da ba, ja ya ɓace, na'ura ta daina nishi. Kwari ya faɗa kusa da alama. Ashta ta ɗan taɓa faɗin ƙahon, ya hau kan alama daram. Na matse raga na tambaya, yana nan. Na ƙara matsewa, don na riga na daina yarda da shi, bai motsa ba.

Washegari da hantsi aka kwantar da farantin a kan tebur. Usta ya yi bisimilla. Ashta tana karanta awo daga allo, shi yana ja da ƙusa mai tsini, layi yana fitowa fari a jikin tagulla. Ya gama, ya ɗauki almakashin ƙarfe, ya sa bakinsa a kan layin. Sai ya tsaya. Muna jira mu ji ƙarar yanka, shiru.

Ya ce, "Injiniya, awon nan da kika ba ni, har da wurin walda ko ban da shi?"

Ashta ta juya ta dubi allo.

Ya ce, "Ke kin cike naki a can. Ni a nan dole in bar nawa. In na yanka yadda kika faɗa, na kuma bar rata, ƙahon zai fi na cikin kwamfuta faɗi. Kaɗan ne. Ban sani ba ko igiyar taku tana da ƙorafi."

Ta ce, "Ajiye almakashin."

Ta koma ta ƙara kaurin tsinken nan a kan faɗin ƙaho, ta ce, "Gwaggo, tambaye ta." Na tambaya. Muka tsaya mu uku a kan allo, Usta da almakashi a hamata. Layi ya tafi, ya faɗa. Kwari ya sauka a gefen alama, ya bar ta a tsaye ita kaɗai.

Ashta ta ce, "Tana da ƙorafi."

Usta ya koma kan tebur ya ja layi na biyu a cikin na farko, kusa da kusa, ya rage wurin waldarsa. A kan na biyun ya yanka. Ban taɓa jin ƙarar almakashi ta yi tsawo haka ba. Ya haɗa farantan, ya kunna gas, walda ta shiga wurin da aka bar mata ta zauna. Ya bi cikin ƙahon da magagari har ya yi sumul. Da ya huce, Ashta ta ɗaura masa na'urar gwaji, ƙaramar nan da kuke gani a cikin akwati. Ita ba ruwanta da raga, ƙarfen gaske take tambaya. Layi ya fito, ya tafi, ya faɗa kan alama.

Usta ya ce, "Hajiya, faɗi da Larabcinku."

Na ce, "Kalas."

Suka kai shi ƙauyen a bayan mota, an naɗe shi da bargo, suka kafa. Ni ban je ba, ina nan ina gadin ataliye. Hoton farko da ya ratso ta cikin ƙahon, Ashta ta nuna mini shi daga baya a wayarta. Na juya shi sama da ƙasa, ni dai gajimare na gani. Likita kuwa ya ga yaro a kwance a gicciye, ya ce a kawo uwar gari. A kan busasshiyar hanya aka kawo ta. Ruwa ya sauka bayan haka, ya rufe hanya kamar yadda ya saba.

Halima, miƙo mini jakata. Ga shi. Wannan guntun tagulla ne daga gefen farantin, abin da almakashi ya zubar. Ku karɓa ku zagaya da shi, ku kai shi wajen haske. Kun ga farin layin nan da ke bin bakinsa, kusa ƙwarai, kamar gashi? Shi ne layin farko, wanda ba a yanka ba. Na'ura ce ta ba da shi, kuma ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye ta ta amsa.

To ku dawo mini da shi, ku kunna na'urorinku. Maɓallin yana nan inda kuka san shi, ba mai hana ku. Amma kafin kowa ya taɓa shi, ya tuɓe ƙarfen, ya kira ni in ga iskarsa.